Hayaƙin Mashigin Bobbo

Ban san wanda ya fara kawo shawarar a zuba sojan ƙasa da sojan sama a ɗaki ɗaya a ce su yi aiki tare ba, amma na rantse bai taɓa kwana a bariki ba. Mu aka gwada wa abin a Lafia. A shekarar nan rikicin makiyaya da manoma a bakin iyakar jiha ya yi tsami: yau a kora shanu, gobe a cinna wa rumbun doya wuta, jibi a tsinci gawa a bakin rafi, kowane ɓangare yana rantsuwa ɗayan ne ya tsallako. Sai manya suka kafa rundunar haɗin gwiwa, suka jibge mu a wani tsohon siton taki a hanyar Shabu, suka raba siton biyu da bangon katako. Mu a gabas, su a yamma. Katakon nan siriri ne ƙwarai, in mutuminsu ya yi atishawa a kunnenka take sauka, sai dai babu mai ce masa sannu.

Ni ne Sajan Kalilu, ɗan sigina, wato mai zama a gaban rediyon oba-oba yana karɓar maganar waɗanda suka fita daji. A garin nan aka haife ni, ubana yana da shagon yadi a kasuwa, kuma har yau bai gane abin da ya kai ni soja ba. Ogana Manjo Iorchia ne, gajere, mai kaurin wuya, wanda in ya ce a'a ko uwarsa ba ta sake tambaya. Ogan 'yan sama kuwa Sukwadiron Lida Mahir, dogo, mai farin gilashi, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalmomin su ƙare masa. Muƙaminsa daidai yake da na manjo, ba sama ba ƙasa, kuma tushen masifar ke nan, don babu wanda zai fara sara wa wani. Masallacin Juma'a ɗaya muke zuwa da Mahir, wani lokaci ma kafaɗarmu na gogar juna a sahu, amma da liman ya sallame sai ya koma ɗan sama, ni in koma ɗan ƙasa.

Ba na son su, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Takalmansu ba su san laka ba. Kakinsu kullum a goge, janaretonsu daban, mai shiru, firijinsu daban, har da na'urar sanyaya ɗaki, alhali mu muna gasuwa a ƙarƙashin kwano ɗaya da su muna shaƙar warin tsohon taki. Jirgi ɗaya tak suke da shi, mai saukar ungulu, a filin bayan sito, amma hura hancin da suke yi sai ka ɗauka su suka ƙera shi. Muna kiransu 'yan fanka, su kuma suna kiranmu 'yan taɓo.

Da farko abin bai yi muni ba. A ƙa'ida, in muna son jirgi, sai Manjo ya aika sigina zuwa hedikwatarmu, hedikwatarmu ta miƙa wa tasu, tasu ta sauko da izini zuwa teburin Mahir. Wato magana ta je ta zagayo rabin ƙasar nan don kawai ta tsallaka katakon da ɗan akuya zai iya fasawa. Babu mai hankalin da zai bi wannan in ana gaggawa, don haka Manjo kan ƙwanƙwasa bango ne kawai ya ce, "Mahir, ina son fankarka," jirgi ya tashi, takarda ta biyo baya. Kowane sintiri kuma yana fita da ɗan sama guda, mai goye da jaka. A cikin jakar akwai rediyon da ke magana da matuƙi kai tsaye, don namu ba ya kama nasu, da 'yar na'urar da ke gaya wa jirgi daidai inda mutum yake tsaye, da gwangwanayen hayaƙi mai launi, ja ko kore, na nuna wurin sauka.

Abin da ya ɓata komai shanu ne. Ɓarayi suka kora garken wasu Fulani mazauna Kwandere, yaranmu suka bi sawu a ƙafa cikin fadama, suka yi musayar wuta, suka ƙwato shanun, ƙafafunsu duk sun kumbura. Suna kan hanyar dawowa jirgi ya biyo ta samansu ya ɗauki hoto. Washegari sai ga hoton a talabijin, ana yaba wa gwarazan sama da suka ceto dukiyar talakawa. Ko sunanmu ba a ambata ba. Mahir ya ce ba shi ya aika hoton ba, manyansa ne. Manjo ya ce ƙarya yake. Tun daga ranar hannun Manjo bai sake taɓa katakon nan ba, Mahir kuma ya ce to shi ke nan, kowa ya bi ƙa'ida.

Daga nan aka shiga ƙananan mugunta. Suka sa kwaɗo a tankin ruwansu, mu kuma muka riƙa ajiye babbar motarmu a bakin ƙofarsu har sai sun roƙa. Suka ƙara wa sandar tutarsu tsawo, Manjo ya sa aka nemo gora mafi tsawo daga Kwandere. Wasan ƙwallon da aka haɗa don a shirya mu ko rabin lokaci bai kai ba aka tashi da fasasshen baki. In manya sun zo duba aiki sai a jera a yi hoto ana murmushi, suna juya baya kowa ya koma ya sha mur.

Ran wata Asabar a tsakiyar damina aka samu labarin 'yan bindiga sun taru a Mashigin Bobbo, can bayan Assakio, inda makiyaya ke tsallakar da shanu a rafin da ya raba mu da jihar maƙwabta. Manjo ya shirya sintiri a ƙarƙashin Laftanar Safiyullahi. Ɗan saman da ya kamata ya bi su Sajan Zakiyyu ne, mutumin da Manjo ya ƙudurta a ransa shi ne ke tsegunta wa Mahir inda muke don jirgi ya zo ya kwashe yabo. Sai aka gaya wa Zakiyyu za a tashi bayan karin kumallo, aka kuwa tashi ana idar da sallar asuba. Ya fito da jakarsa a baya, hular kwano a hannu, ya tarar da sawun taya kawai. An yi dariya a ɓangarenmu har da riƙe ciki.

Wanda ya fi kowa jin daɗin shirin tun kafin a fita Kofur Terver ne. Abokina ne, Tibi ne ɗan wani ƙauye kusa da Assakio, tare muka yi zaman daji a arewa, shi ke cinye mini naman Sallah, ni in rama da shinkafar Kirsimeti. Matarsa Iveren ke sayar da sakwara a rumfar bakin ƙofa. Da zai hau mota ya leƙo tagar ɗakin sigina yana washe baki.

"Oga Kalilu, yau ba fanka, ba fim. Abeg ka gaya wa matana ya ajiye mini kan akuya, kar wannan Zakiyyu ya cinye da haushi."

Rana ta kusa tsaka rediyo ya ɗau ƙara. Muryar Laftanar ce, yana haki, ana jin harbi nesa-nesa a bayansa.

"Gida, gida. An yi mana kwanton ɓauna a Mashigin Bobbo. Mun kore su, sun shige kurmi. Mutum ɗaya ya ji rauni, mai tsanani ne. Muna buƙatar jirgi."

Ba a kiran suna a rediyo, ni na sha koya wa kurata wannan. Amma bakina ya riga ni. "Wane ne?"

"Terver."

Harsashi ya shige shi ta ƙasan ciki, wajen ƙugu, inda ba a iya ɗaurewa a tsai da jini. Motocinsu suna can ƙauyen ƙarshe inda hanya ta ƙare, da ƙafa suka ƙarasa, kuma wani ƙaramin rafi da suka tsallaka da safe ruwa iya gwiwa yanzu ya cika ya batse da ruwan da aka yi a tudu. Mai jinyarsu ya ce in aka ɗauke shi a kafaɗa aka bi wannan hanyar, gawa za a kawo. In kuwa ya isa asibiti kafin rana ta faɗi, ana sa rai.

Manjo ya saurara yana tsaye, hannu a baya. Duk ɗakin muka juya muna kallon katako. Can ɓangaren ma shiru ya sauka, an kashe har waƙar da suke kunnawa, don lasifikar rediyona ba ta da sirri, sun ji komai. Hannu kawai Manjo zai miƙa ya taɓa bangon. Sai ya juyo gare ni.

"Sajan, aika sigina hedikwata. Buƙatar jirgi don ɗauko mai rauni. Gaggawa."

"Sa, ai ga su nan a bayan katako."

"Na tambaye ka inda suke ne?"

Na aika. Wanda ke kan tebur a hedikwata ya ce ya karɓa, amma mai sa hannu ba ya kan kujera, Asabar ce, za a neme shi a waya. Na ce masa mutum ne ke zubar da jini. Ya ce ya fahimta, za a neme shi a waya.

Na bar wa wani kofur rediyo na ce zan zaga, na zagaya ta ƙofar yamma. Sanyin ɗakinsu ya buge ni a fuska, raina ya ƙara ɓaci. Matuƙin jirgin yana tsaye, ya riga ya sa kayan tashi, hularsa a hammata, yana kallon ogansa. Zakiyyu na zaune a ƙasa a kan jakarsa. Mahir kuwa yana kujera, ya harɗe ƙafa. Na ƙame na sara masa.

"Wa ya aiko ka?"

"Babu, yallaɓai. Da ƙafata na zo."

"To ban ji komai ba." Ya nuna taswirar da ke bango da biro. "Dubi nan. Ka ga alamar sojanmu a Mashigin Bobbo? A iya sanina babu wanda ya fita daga sansanin nan yau. Da an fita, da mutumina ba ya zaune nan tun safe kamar wanda mota ta bari a tasha."

"Yallaɓai, Terver ne. Ka san shi. Don girman Allah."

"Kada ka yi mini wa'azi, Sajan. In na tada jirgi babu izini, zuwa wurin da ba a sanar da ni ba, aka harbo shi, wa zai tsaya gaban kotun soja? Manjonku? Koma ka gaya masa ya tako da ƙafarsa, ya faɗa a gaban mutanena cewa ya fitar da sintiri a ɓoye, kuma da gangan ya bar mutumina. Kafin ya rufe baki jirgi ya tashi, ni zan ɗauki nauyin. In ba haka ba, shi ya zaɓi takarda, sai mu jira takarda."

Wallahi na so in ɗaga kujerar nan da shi a kai in jefa ta taga. Na sake sarawa na fita. Da na gaya wa Manjo, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ni? In je in durƙusa wa direban fanka? Ya ji da kunnensa akwai mai rauni. Bari ya ci gaba da zama, duk abin da ya faru yana wuyansa, kuma zan rubuta." Ya matso har ina jin hucinsa. "Kai kuma, in ka sake barin rediyon nan ba da izinina ba, a gadurum za ka yi Sallah."

A nan na gane dukansu biyu sun daina tunanin Terver. Kowa lissafinsa yadda laifin zai faɗa kan ɗayan, kowa yana jira ɗan'uwansa ya fara karaya. Na tsane su, na tsani kakin da ke jikina da ya hana ni faɗa musu.

Aka kira azahar. A ɗan masallacin sansani Mahir ya zo ya tsaya kusa da ni, ya matso da ƙafarsa don ya daidaita sahu, na janye tawa. Ban san me na karanta a sallar nan ba. Na dawo na tarar Laftanar yana ta kira, tun yana magana irin ta soja har ya koma roƙo. Sun ɗauko Terver a kan ƙyauren wata bukka zuwa wani makwancin shanu a bakin rafi, don nan ne kaɗai fili. Ko'ina kuma gonakin doya ne, tuli bayan tuli, ga sandunan da aka kafa wa yaɗo, inda ko kaza sai ta duba kafin ta sauka. Sun shirya, jirgi kawai suke jira.

Zakiyyu ya zagayo ƙofarmu da jakarsa ya ce a ba shi mashin da mutum biyu, zai gwada isa gare su ko da iyo ne. Manjo ya ce shi ba ya ba ɗan sama umarni, ya je ya tambayi ogansa. Mahir ya amsa ta cikin bango cewa ba zai aika mutuminsa daji ba sai da rakiya, kuma rakiya ta sojan ƙasa ce. Zakiyyu ya tsaya a tsakanin ƙofofin biyu, can ya koma ya zauna.

Daga bakin ƙofa kuwa ina jin dukan turmin Iveren, har ya zo ya tsaya. Na fito shan ruwa ta tare ni a bakin famfo, hannunta duk doya.

"Oga Kalilu, menene? Kowa yana ɓoye mini ido. Ko mutum ɗaya bai zo cin abinci ba."

"Terver ya ji ciwo. Za a ɗauko shi da jirgi."

Ta juya ta dubi filin bayan sito. Jirgin na nan, tamfol a kan gilashinsa, wani ɗan sama yana zaune a inuwar jelarsa yana danna waya.

"Wannan jirgin? To me ya sa yana zaune?"

"Ana jiran izini."

"Izinin wa? Oga biyu duk suna ciki, ni na gan su da idona."

Na bar ta tsaye na shige.

Sai bayan la'asar waya ta yi ƙara a ɓangarensu. Mun ji ta sarai ta cikin katako, mun ji Mahir yana cewa, "Yas sa, yas sa." Saƙon da Manjo ya aika tun rana tsaka ya gama yawonsa ya iso. Ba a jima ba fanka ta fara juyawa, kwanon sito ya ɗau rawa, jirgi ya tashi ya nufi gabas. Na ce alhamdu lillahi a fili, ban san yanzu ne za a fara ba.

Matuƙi ba ya jin Laftanar, Laftanar ba ya jin matuƙi, don rediyon da zai haɗa su yana cikin jakar Zakiyyu a bayan katako. Sai magana ta koma bin layi: Laftanar ya gaya mini, in gaya wa Manjo, Manjo ya ɗaga murya ya gaya wa bango, Mahir ya gaya wa nasu ɗan sigina, shi kuma ya gaya wa matuƙi. Ko a hakan ma ba su yarda sun kira sunan juna ba. "A gaya wa na ciki su nufi bakin rafi." "A gaya wa na waje rafin yana da tsawo." Laftanar ya karanto lambobin wurin daga tsohuwar taswirarmu ta takarda, wadda aka zana tun kafin rafin ya canza hanya, ashe kuma na'urar jirgin da wani lissafi daban take aiki. Aka yi ta kirdado har jirgi ya isa yankin ya fara shawagi a kan ruwa.

Zakiyyu ne ya gaji. Ya zaro wuƙar bindigarsa ya ɓamɓare falle ɗaya na katakon ya jefar. Ga Manjo ga Mahir, ido cikin ido. Na ɗauka abin zai yi sauƙi, ashe dā katakon ne ke hana su cin naman juna.

"Su tada hayaƙi," in ji Mahir.

"Da me? Gwangwanayen suna wurin mutuminka."

"Wa ya bar shi?"

Laftanar ya sa aka tara ɗanyen ganye da ciyawa aka cinna wuta. Farin hayaƙi ya tashi. Ya kira ni da murna a muryarsa, ya ce suna hango jirgi, yana arewa da su. Na faɗa, aka miƙa. Amsar matuƙi ta fito ta lasifikarsu, wannan karon na ji da kunnena.

"Wane hayaƙin? Ina ganin hayaƙi ko'ina."

Duk wanda ya taɓa zama kusa da ruga ya san abin. Da damina, in rana ta yi sanyi, kowane makiyayi yakan hura wuta da ɗanyen ganye a tsakiyar garkensa don hayaƙi ya kore wa shanu ƙuda da sauro. Mashigin Bobbo kuwa mashayar shanu ce, rugage ne a jere a gaɓa biyu. Da jirgin nan ya zo da azahar, hayaƙin Laftanar kaɗai zai gani a duk faɗin dajin. Yanzu kowace ruga ta tada nata, duk fari, duk iri ɗaya.

"Ka ce masa muna kusa da wata babbar ɗorawa," in ji Laftanar.

Matuƙi ya ce ɗorawa ta fi a ƙirga. Ya sauko kan wani hayaƙi, ya tarar da shanu suna watsewa, mata na gudu da 'ya'ya a hannu. Ya ɗaga ya nufi wani a gefen kurmi, sai muka ji muryarsa ta canza, ana harbinsa daga cikin itatuwa. 'Yan bindigar ba su yi nisa ba, kuma su ma sun san amfanin hayaƙi.

"Yi sama," in ji Mahir. "Ba ka sauka ko'ina sai ka tabbatar."

Laftanar ya ce bari su harba harsashi mai wuta sama don matuƙi ya ga inda suke. Manjo ya ce a harba. Mahir ya daki tebur ya ce yanzun nan aka harbi jirginsa, duk wutar da ta taso daga ƙasa mai bindigar jirgi zai mayar da martani, ba shi da yadda zai bambance tamu da tasu.

"Matsorata!" in ji Manjo. "Kun iya ɗaukar hoto, sauka ce ta gagare ku."

"Mutum huɗu ne a jirgin nan, Manjo. Kai ka makantar da su tun da asuba, yanzu kuma kana so in kashe su don in rufa maka asiri?"

"Da ka tashi tun rana tsaka..."

"Da ka tako tun rana tsaka..."

Ni dai na riƙe kan rediyo da hannu biyu, ina jin in fasa shi a goshin ɗayansu, ko wanne ne. Yaran Laftanar sun tuɓe riguna suna kaɗawa, amma hadari ya riga ya haɗo daga gabas, gari ya rufe, koren kaki a kan koren ciyawa ba ya ganuwa. Cikin hayaniyar nan Laftanar ya ce, "Gida, yana son magana da kai."

Na ji numfashi, sannan muryar Terver, ta ƙanƙance har da ƙyar na gane ta. A bayanta ana jin bugun fanka.

"Oga Kalilu. Na ji shi. Yana kan kaina."

"Yana nan, Terver. Yanzu zai sauka. Ka daure."

"'Yan fanka sun yi ƙoƙari fa." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Muka tsaya muna sauraron abu ɗaya. Bugun yana raguwa. Ta ramin katako ina jin matuƙi yana cewa mai ya yi ƙasa, iska ta fara jijjiga shi, ina jin Mahir yana ce masa ya juyo gida.

"Oga Kalilu, tafiya yake yi ne?"

"Zagaye yake, zai dawo."

"To," in ji shi.

Kafin jirgi ya dawo sansani, kowannensu ya ja kujera ya fara rubuta rahoto, sun ba juna baya. Ana kiran magariba muka fara jin ƙararsa daga nesa, a daidai lokacin rediyona ya motsa. Laftanar ne, muryarsa ta koma ta soja tsaf, babu sauran roƙo a cikinta.

"Gida, gida. A soke buƙatar jirgi."

Ya sake kira.

"Gida, ka ji ni?"

"Na ji."

Manjo ya ji, Mahir ya ji, biron kowa ya tsaya. Na ajiye kan rediyo na fita, ban nemi izinin kowa ba.

An fara yayyafi. Iveren tana bakin filin, ta rufe rumfa, ta canza zane, ta rungume kula da bargo da silifas ɗinsa, shirin mai zuwa jinya asibiti. Masu gadi sun ƙyale ta ta shigo. Jirgi ya sauka, iskarsa ta kusa kayar da ita, ba ta ja da baya ba. Ƙofa ta buɗe. Mai jinyar jirgin ya sauko, mai bindiga ya sauko, sannan aka zaro gadon ɗaukar marar lafiya a naɗe, ko warware shi ba a yi ba. Ta leƙa ciki. Ta zagaya ɗaya gefen ta sake leƙawa.

Manjo da Mahir sun fito su ma, kowa da mutanensa a baya, suka tsaya cikin yayyafi suka ɗora daga inda suka tsaya, wannan na cewa zai kai ƙara, wancan na cewa a kai, shi ma yana da shaidu. Iveren ta shiga tsakaninsu da kularta.

"Oga, ina mijina?"

Mahir ya cire gilashinsa yana gogewa da gefen riga.

"Naku ne," ya ce wa Manjo a hankali. "Kai za ka gaya mata."

"Kai ka dawo ba tare da shi ba."

"Ku bar faɗa, abeg," in ji Iveren. "Ku gaya mini sunan wurin kawai. Ni zan je."

"Mashigin Bobbo," in ji wani kurtu daga baya, wanda bai ji saƙon ƙarshe ba.

Ta juya da sauri ta nufi ƙofa. Na bi ta ina kiran sunanta, ba ta waiwayo ba. Ta tsai da ɗan acaɓa a bakin titi, ta hau, ta ɗora kula a cinya, ta ce Assakio. Ya tada mashin. Na sha gabansa na kama kan mashin ɗin da hannu biyu.

"Oga soja, lafiya?" in ji ɗan acaɓan.

"Oga Kalilu, sake shi," in ji Iveren. "Ruwa yana zuwa, yana jin sanyi a can, ba shi da bargo."

Ban saki kan mashin ba. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ruwa yana sauka a fuskokinmu. Sai ta sauke ƙafa ɗaya, ta sauke ɗayar, ta miƙa wa ɗan acaɓan kular ya riƙe mata, ta zauna a ƙasa cikin taɓo, bargon a ƙirjinta.

"Kashe mashin," na ce masa.